Kumatun Auta

A layin kowa Dokta yake ce masa. Bai taɓa zama a ajin likitanci ba ko na yini ɗaya, amma yana da farar riga mai aljihu uku, da tabarau, da kantin magani mai ƙofar gilashi, mutane kuwa ba sa neman shaidar da ta wuce wannan. Gidansa a manne yake da bayan kantin, ƙofa ɗaya ce tsakani. Ta wannan ƙofar Auta, 'yarsa ta ƙarshe, take kwasa da gudu duk lokacin da cikinta ya murɗa, ta bar mai sayen magani yana kallon kujerar da ta tashi a kai.

Ita ke zama a teburin ciniki tun da ciwo ya raba ta da aikin koyarwa. Ta haura ashirin, amma in ka hango ta daga baya sai ka ce 'yar firamare ce ta ari zanen uwarta. Gudawa ce da jini, safe da rana da yamma. Dokta ya ce atini ne. Ya ba ta maganin atini, ya canza kamfani, ya haɗa da na tsutsar ciki, ya koma kan na taifot. Sai ranar da ta zube a bakin banɗaki, uwarta Umma ta kurma ihun da maƙwabta suka ji, sannan aka kai ta babban asibiti. Ihun ne ya kai ta, ba faɗuwar ba.

Aka ɗebi jini, aka zura na'ura aka leƙa hanjin. Likitar mace ce, ba ta ɗaga murya. Ta zaunar da su ukun a ofishinta.

"Ciwo biyu ne, ɗaya ya hau kan ɗaya," in ji ta. "Jikinta ba ya ƙera garkuwar da jini yake yaƙar cuta da ita. Da haka aka haife ta, shi ya sa tun tana ƙarama ba ta rabuwa da ciwon kunne da na ƙirji. Na biyu, hanjinta ya kumbura, ya yi gyambo. Masu irin jikinta sukan gamu da wannan."

"Na gane, na gane," Dokta ya katse ta. "Mu ma cikin harkar muke."

"To Baba, kai za ka fi kowa kiyayewa ke nan. Duk wata za a kawo ta a ƙara mata garkuwa ta jijiya. Daga jinin masu ba da gudummawa ake tace ta, kuma ba a dainawa. Sai wannan 'yar farar ƙwayar. Tana kwantar da kumburi da sauri, amma tana danne ɗan abin da ya rage mata na kariya. 'Yan makonni za ta sha, ana ragewa a hankali, sai mu sauya mata wani maganin. In gudawar ta dawo, kada a ƙara ƙwaya a gida. A kawo ta mu duba ko wata cuta ce ta shiga." Ta dubi Umma. "Abin yana bin jini. An taɓa rasa yaro a gidan?"

Umma ta buɗe baki.

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Dokta.

"Allah ya ji ƙansa. Amma da za a gwada sauran 'ya'yan da jikoki, da ya yi kyau. Ciwon gado ne."

A mota Dokta ya riƙa dukan sitiyari. "Gado! Ni za ta kalli tsabar idona ta ce wa gado? Yarinyar da na girme wa uba! Mu a zuri'armu ko makaho babu. Kada in ƙara jin wannan kalmar a gidana."

Ba a ƙara ji ba.

Ƙwayar ta yi aikinta. Kafin mako ya zagayo Auta ta daina gudu. Ta ci abinci har ta miƙa kwano a ƙara, Umma ta koma kicin tana share hawaye. Aka kai ta ƙarin garkuwar sau ɗaya, sau biyu. Takan wuni a kujera ruwan yana ɗiga, ta dawo gida tana jin ƙirjinta ya buɗe kamar an share shi da tsintsiya. Ta fara tunanin allo da alli.

A zuwa na uku suna kan benci sai ga Matar Tela, wadda ba ta wuce kwana biyu ba ta leƙo kantin ba.

"A'a! Dokta! Kai ma nan?" Muryarta ta cika barandar. "Ashe ku ma kuna bin layi kamar mu? Ni na ɗauka in aka yi ciwo a gidanka ƙofa kawai ake turawa!"

Aka yi dariya. Dokta ma ya yi, da haƙora kawai. Ranar ba a jira aka kira sunan Auta ba.

Da yamma ya tara gidan a falo: Umma, da Auta, da babban ɗansa Yaya, wanda yake zuwa sari yana kuma jan mota.

"Na yi nazari," ya ce. "Wannan ruwan da suke ɗura mata, kun san jinin wa da wa aka tace? Mashaya, ɓarayi, waye da waye. Ba zan sa a gauraya min jinin 'ya da na mutanen titi ba."

Wannan fa mutumin da kantinsa cike yake da kwalaben da bai san ƙasar da aka cika su ba. Kuma kada a ce rashi ne. A watan ya sauya tayil ɗin kantin, ya sa sabuwar fanka.

"Baba, likita ta ce ƙwayar ba ta tafiya ita kaɗai," in ji Auta.

"Likita ta ce. Gudawa ta tsaya ko ba ta tsaya ba?"

"Ta tsaya."

"Mene ne ya tsayar da ita?"

"Ƙwayar."

"To ƙwayar tana nan kwali-kwali a durowata. Me za mu je nema a benci?"

Makonnin da likita ta ɗiba suka wuce, ba a rage komai ba. Kowace safiya Dokta yakan ɓallo ƙwayoyin da kansa ya ajiye a gefen kofin shayinta, ya tsaya har ta haɗiye. Fuskar Auta ta fara cika. Kumatu suka fito, haɓa ta ninku, wani tudu ya taso a bayan wuya. Matan layi suka fara shigowa kanti ko ba su da abin saya.

"Auta, me kike ci ne? Tubarkalla! Kin zama mutum!"

"Ku dubi kumatu, kamar a latsa jini ya fito!"

Matar Tela ta jingina da tebur ta rage murya, abin da ba ta saba ba. "Dokta, don girman Allah abin da ka ba ta ka ba ni. Mijina ya ce na koma kamar allurar kekensa, wai in na juya gefe ba ya ganina."

Dokta ya gyara tabarau. Ya ɓalle ƙwayoyi daga katinsu don kada a ga sunan, ya ƙulle su a 'yar leda. Washegari ya sa Yaya ya matsar da kujerar Auta kusa da ƙofar gilashi, inda haske yake faɗowa.

An daɗe ana gaya mana cewa ƙiba ita ce lafiya, kuma uba ba zai cuci ɗansa ba. Masu faɗin haka ba su taɓa ɗaga zanen Auta sun ga ƙafafunta ba. Fuska na hawa, ƙafafu na sauka. Cinyoyin suka zama kamar ƙafar kujera. In ta tsuguna sai ta dafa bango ta ja jiki kafin ta miƙe. Ko gefen tebur ta goga sai wurin ya yi baƙi. Jan zane ya tsattsage fatar cikinta, farin abu ya lulluɓe harshenta har shayi ma zafi yake mata. Tarin ya dawo, ya zauna, ya yi kauri.

Rannan ta shiga banɗaki ta ga jini. Ta gaya wa Dokta a hankali, a bayan kanti.

"Jikinki ne ya saba da ita," ya ce. Da safe ta tarar ƙwayoyin gefen kofin sun ninka.

Ta sami Umma a kicin tana yanka albasa.

"Umma, ki yi masa magana. Likita ta ce in jini ya dawo a mayar da ni."

"Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Da kina kamar tsinke muna kuka, yanzu kin yi jiki kina neman wani abin kuma? Jiya ma gwaggonki ta ce ba ta gane ki ba."

"Ni ma ban gane kaina ba. Dubi nan." Ta ɗaga rigarta.

Umma ta kalla, ta kawar da kai da sauri. "Ƙiba ce. Ni ma na yi irinsa da cikinki. Ki shafa mai." Ta ci gaba da yanka. "Mutumin da gari guda yake zuwa wurinsa neman lafiya, ke ce za ki ce bai sani ba? Ki bar ni in ƙarasa zamana lafiya a gidan nan."

Auta ta sami Yaya yana sauke kwalaye daga but ɗin mota.

"Yaya, ka kai ni asibiti. Ba sai ya sani ba."

"Kumatu, kina son ki haɗa ni da tsoho ke nan." Haka yake kiranta yanzu. "Ni in kai ki, su ce a kawo 'ya'yana a gwada? Matata ta ji an ce gado, ta kwashe su ta tafi gidansu? Ki yi haƙuri. In an sami sarari zan yi masa magana."

"Ɗanka ƙarami kunnensa ruwa yake yi, Yaya."

"Ruwan wanka ne ya shiga. Matsa, kwalin nan da nauyi."

Ba a sami sarari ba.

Sau ɗaya Auta ta yi ta maza. Ta yi wanka, ta yafa mayafi, ta ɗauki jaka, ta nufi ƙofar gida. Umma ta riga ta isa. Ba ta tare hanya ba, zama kawai ta yi a dokin ƙofar ta fashe da kuka.

"Je ki. Tsallaka ni ki je. Je ki gaya wa duniya ubanki jahili ne. Ni dai in kin fita, ki dawo ki tarar da kayana a waje."

Auta ta tsaya tana kallon uwarta. Ko babu kowa a ƙofar ba ta da tabbacin ƙafafunta za su kai ta bakin titi. Ta cire mayafin, ta koma kujerarta ta bakin gilashi. Wata mata ta shigo ta yaba kumatunta, ta sayi leda ɗaya.

Abin ya zo ne da hantsi, kanti cike da mutane. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauko kwalba sai ta ji kamar an soka mata wuƙa a ƙasan ciki. Ba ta yi ihu ba. Ta zame daga kujera ta zauna a tayil, gumi yana keto mata.

"Jiri ne, ba ta karya ba," Dokta ya gaya wa masu saye yana murmushi. Shi da Yaya suka ciccibe ta zuwa ɗaki. Ya sa mata ma'aunin zafi a hammata, ya ɗaga shi sama yana nuna wa Umma. "Kin gani? Ko zazzaɓi babu."

Ina za a ga zazzaɓi? Ƙwayar da yake ba ta ita ce take danne shi. Ya kashe ƙararrawar gida da hannunsa, sannan yana murna bai ji ta buga ba.

Ya yi mata allurar kashe zafi ya koma ciniki. Cikin ya ɗaure ya yi tauri kamar katako. Ta yi amai kore. Leɓenta suka bushe, idanunta suka faɗa cikin kumatun. Umma tana zaune tana yi mata fifita tana cewa sannu. Sai da rana ta yi sanyi, kanti ya rage mutane, sannan Dokta ya leƙo, ya taɓa wuyan hannunta, ya daɗe bai saki ba.

"Kawo mota," ya ce wa Yaya. "Ta baya. Kada ka biyo ta gaban kanti."

A ɗakin taimakon gaggawa aka ɗauki hoton cikin, aka kira likitarta. Da ta shigo ta dubi gadon, ta dubi sunan da ke jikin gadon, ta sake duban fuskar.

"Hanjin ya ɓule," ta ce. "Tiyata za a yi yanzu. Baba, ƙwayar nan yaushe ta daina sha?"

"Tuntuni. Yadda kika tsara."

"Fuskarta ba haka ta ce ba."

"Cin abinci ne. Mu danginmu in muka samu lafiya haka muke."

Likitar ta ce, "Bari in faɗa muku dalilin tambayar. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar nan, jikinsa yakan daina yin wani sinadari da yake riƙe bugun jini in an shiga wuya. In muka yanka ta ba mu san nawa take sha ba, jininta zai iya faɗuwa a kan tebur ya ƙi tashi. In mun sani, akwai allurar da za mu riƙe ta da ita. Ku yi tunani. Zan kira mai tiyata in dawo."

Tana fita Dokta ya sunkuyo. Auta ta ji ƙamshin turarensa, ta ga tabaransa dab da fuskarta.

"Auta. 'Yar albarka. Ki ce kin daina tun tuni. In suka rubuta, hukuma za ta rufe kanti. Da me za ku ci? In kuma ta matsa, ki ce ke kike ɗauka a ɓoye, ban sani ba."

"Ki rufa wa ubanki asiri," Umma ta raɗa ta ɗaya gefen, tana murza mata hannu. "Allah zai tashi kafaɗunki."

Yaya yana bakin labule yana duba wayarsa.

Auta ta rufe ido. Tunda aka kwantar da ita a gadon nan ba wanda ya ce mata kada ki mutu. Ta jira ko za a ce. Takalman likitar suka dawo.

"Ke nake tambaya yanzu," likitar ta ce mata. "Ba kowa ba."

Auta ta buɗe ido.

"Ban taɓa dainawa ba. Tun ranar da kika rubuta. Da uku ne, yanzu shida. Shi yake ba ni da hannunsa, da shayin safe. Yau ma na sha. Ƙarin garkuwar kuma sau biyu aka yi, aka bari." Ta ja numfashi. "Matan layinmu ma suna sha. Don su yi kumatu irin nawa."

Umma ta saki hannunta.

An yi wa Auta allurar, an shiga da ita, ta fito da rai. An yanke abin da ya ruɓe na hanjin, an fito da bakin sauran ta fatar ciki, an manna jaka a wurin. Ta daɗe a asibiti, don huhunta ma ya kamu. Aka mayar mata da ƙarin garkuwar, aka riƙa janye ƙwayar kaɗan-kaɗan, aka ɗora ta a kan wani maganin. Kumatun suka sace. Fuskarta ta dawo, ƙarama, tata.

Jami'ai sun je kantin. Sun kwashe kwalaye, sun sa kwaɗo a ƙofar gilashi. Ba a daɗe ba kwaɗon ya buɗe, kamar yadda irinsa yake buɗewa. Dokta bai taka asibitin ba ko sau ɗaya. Wai hawan jininsa ya tashi, kuma kowa ya san wanda ya tayar da shi. A layi labarin ya daidaita: yarinya tana zaune da ƙibarta a gidan ubanta, asibiti suka karɓe ta suka farke ta, ga shi sun mayar da ita ƙashi da rai. Masu zuwa jaje falon Dokta suke cika. Shi ake yi wa sannu. Shi ake gaya wa ya yi haƙuri, 'ya'yan zamani sai addu'a. Gidan da ya kusa kashe 'yarsa bai ga laifin kowa ba sai na wadda ta ƙi mutuwa da bakinta a rufe.

Ana gab da sallamarta Umma ta zo da filas ɗin shayi. Ta zauna a bakin gado, ta gyara mayafi, ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi abinci, ta tambayi barci. Can ta sauke murya.

"Babanku ya sauko. Gwaggonki ta sha kansa. Ya ce in kin dawo ki same shi a falo, a gaban yayanki, ki durƙusa ki ba shi haƙuri, shi ke nan magana ta wuce. Kin ga ai ya yi ƙoƙari."

Auta ta dubi uwarta. Sannan ta sa hannu ta yaye zanen da ta rufa da shi. Jakar tana nan manne a gefen cibiya, ta kusa rabi, ga ɗinkin ya sauka tun daga ƙirji.

"Zan ba shi haƙuri, Umma. Ki ce ya zo da safe, lokacin da nas take sauya wannan. Ya tsaya a nan inda kike, ya kalla har a gama, kada ya kau da kai. In ya iya, ni ma zan iya."

Umma ta daɗe tana kallon jakar. Sannan ta miƙa hannu ta ja zanen, ta rufe ta da kyau, ta cusa gefen a ƙarƙashin katifa.

"Haba Auta," ta ce. "Kin san Babanku ba ya son wari."